Shekarar da Aka Daina Kirana Wankan Gawa

Na san abin da ake faɗa muku a kaina. An ce Iya ba ta da riƙon sirri, an ce bakinta ne ya raba ta da aikin da ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana yi. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai an ba ku ƙarshen zancen an bar farkonsa. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro a makarantar matan aure, ko da yake rubutun nawa sai mai haƙuri ke iya karanta shi, gara in zauna in rubuta muku da hannuna, kada in tafi in bar ku kuna ji daga bakin waɗanda ba sa wurin ranar.

Ni mai wankan gawa ce. A unguwarmu ta Rikkos, in mace ta cika, ni ake aikowa a kira. Ba gadonsa na yi ba, wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, Malama Tabawa, ta ɗauke ni tun ina da goyo saboda ta ga ba ni da tsoro kuma hannuna ba ya rawa. Ita ta koya mini yadda ake dakan ganyen magarya, da yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, da yadda ake wanka a ƙarƙashin zane ba tare da an yaye mutum ba, da inda ake sa kafur. Amma kafin ta bari in taɓa ko buta, sai da ta zaunar da ni ta riƙe mini kunne kamar ƙaramar yarinya.

Ta ce, "Hansatu, duk abin da kika gani a ɗakin wanka, a nan za ki bar shi. Ko mijinki ba ya ji. Wadda ke kwance ba ta da bakin da za ta kare kanta, ke ce bakinta."

Na riƙe wannan magana gam. Na ga abubuwa da yawa a jikin matan unguwar nan, tabon duka, da ciwon da aka ɓoye wa miji da 'ya'ya, da abin da ba ya faɗuwa. Ina fitowa in wanke hannuna in koma gida in ɗora tukunya, babu wanda ya taɓa jin ko tari daga gare ni.

Yanzu sai in ba ku labarin kakarku, Inna Dudu, uwar mahaifinku. Ita da mijinta sun zo Jos ne zamanin haƙar kuza, daga can ƙasar Haɗeja, kuma tun da ta sa ƙafa a garin nan ba ta ƙara komawa ba, ko biki ko rasuwa. In an yi mata magana sai ta ce zafin can ba ya karɓarta. Shekara ashirin na zauna da ita gida ɗaya, kuma in na ce muku ina ƙaunarta a lokacin na yi ƙarya. Ba ta zuwa kusa da murhu. Ba ta fita rana. In ana daka tana cikin ɗaki, in ana suya tana can nesa a inuwa da mafici. Ba ta wanka sai ta tabbata babu kowa a tsakar gida, ba ta yarda kowa ya cuɗa mata baya ko ya wanke mata rigar ciki. Hannunta kuwa kullum cikin lalle yake, wani bai gama fita ba ta ɗora wani, faratan nan baƙi ƙirin. Ni kuma ina bakin wuta hayaƙi na cika mini ido, ina cewa a raina, wannan tsohuwa da son jiki take, ga ƙasaita kamar 'yar sarki. Na sha faɗin haka a gidanmu in na je ganin gida, Allah ya yafe mini.

Da ta rasu, Malama Tabawa ta riga ta tsufa, ita ta zauna a gefe tana zuba ruwa ni ina wankewa. Da na juya ta gefen hagu hannuna ya bi bayanta, sai na ji abin da ya sa na tsaya. Daga kafaɗa har ƙugu fatar ta yi kaushi kamar ƙanzon tukunya, ƙuraje ne ƙanana baƙaƙe sun haɗe da juna, haka ma ƙarƙashin nono da bayan kunne inda kallabi ke rufewa. A cinyoyinta da gefen cikinta kuma ga wasu fararen ɗigo-ɗigo birjik, kamar an watsa acca. Da na zo wanke hannunta na duba faratan da kyau a karon farko, sai na ga kowanne yana da 'yar tsaga a baki, da layi-layi daga tushe zuwa ƙarshe waɗanda lalle ya rufe. Na ɗago na dubi Malama Tabawa, ta dube ni, ta ci gaba da zuba ruwa. A nan na gane matar nan ba son jiki take ba, zafi da gumi ne ke tayar mata da ciwo, ta kuma zaɓi a kira ta malalaciya da a san halin da take ciki. Na yi kuka ranar, mutane suka ɗauka kukan rashin suruka ne, alhali kukan kunya ne. Muka sa ta a likkafani, na rufe bakina, har mahaifinku ya koma ga Allah bai ji ba.

Sai ɗana na fari. Kun san ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Zan ce masa Mai Gareji, tunda aikinsa ke nan. Ana yaye shi 'yar'uwar mahaifinku, Yaya Kande, wadda kuke kira Goggo, ta ɗauke shi riƙo, kamar yadda ake yi. Ita ta yi masa kaciya, ita ta sa shi makaranta, ita yake kai wa kuka. Ni in ya shigo sai in kau da kai. Yaran yanzu dariya kuke yi wa wannan kunya, amma mu haka muka taso, uwa ba ta sa baki a sha'anin ɗan fari, mai daɗi ko marar daɗi. Don haka da ya kawo maganar Ladi, 'yar Anguwan Rukuba wadda iyayenta Kirista ne, ba ni aka tambaya ba. Yaya Kande ta yi tsalle ta dire ta ce ba da ita ba, shi kuma a karon farko a rayuwarsa ya kafe. Ladi ta musulunta, aka ɗaura, aka kawo ta gidanmu. Yarinya ce mai tsabta, ba ta da yawan magana, in ta yi gwate sai maƙwabta sun aiko da kwano. Yaya Kande dai ba ta taɓa ce mata sannu da zuciya ɗaya ba.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda wayar hannu ta fara shiga hannun irinmu, 'yan shekaru bayan tashin hankalin da ya sa mutanen unguwa da unguwa suka koma kallon juna da gefen ido. Zainabu, 'yar Ladi ta fari, wadda muke kira Abu, tana da shekara goma sha biyu. Aka yi hutu a tsakiyar bazara, ƙanwar babanta da ke aure a garin Lafiya ta ce a ba ta ita ta yi mata sati uku. Yarinyar da aka haifa cikin sanyin Jos, ba ta taɓa sanin zafin da ke hana mutum numfashi ba. Ta dawo tana susa. Muka ce ƙurajen zafi ne, a shafa hoda. Da fararen ɗigo suka fito mata a ƙirji da hannuwa muka ce kyasbi ne, aka karɓo man shafawa a kemis. Wata ta ce ƙazwa ce, aka dafa kayanta a ruwan zafi. Babu abin da ya ragu, sai ma wasu ƙuraje masu kaushi da suka fito a wuyanta da bayan kunne, in ta yi gumi su riƙa ɗan wari.

Wata rana da hantsi ina zaune ina tsince shinkafa, Abu ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji ta durƙusa a gabana ta ce in shafa mata mai a baya. Ina ɗora hannu na san inda na taɓa jin wannan fata. Na kama yatsunta na duba, ga 'yar tsagar nan a bakin farce biyu, ga layin. Na shafa mata man na ce ta je ta sa riga.

Ni da Ladi muka kai ta babban asibiti. Bayan an yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, muka dace da wata likitar fata, mace mai natsuwa, ba Bahaushiya ba ce amma Hausa a bakinta tas. Ta daɗe tana duba Abu, har tafin hannu da cikin baki, ta yanki ɗan ƙaramin abu a fatar aka kai awo, ta ce mu dawo. Da muka koma ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarsa ta ci ko sha ko taɓawa. Ta ce ciwo ne da ba a cika gani ba, ta faɗi sunansa da Turanci ban riƙe ba, kuma gadonsa ake yi, daga uwa ko daga uba, ɓangare ɗaya ya isa. Abin da ya sa aka kasa gane na Abu da wuri, in ji ta, shi ne ya fara da fararen ɗigo, alhali yawanci da ƙurajen yake farawa. Ta ce ciwon ba ya fitowa iri ɗaya ko a gida ɗaya, wani ya rufe masa baya, wani a bayan hannu kawai, wani kuwa in ba ka duba farcensa ba ba za ka sani ba. Ba a raba mutum da shi, amma ana lallaɓa shi: a guji rana da gumi, a sa tufafin auduga marasa matsi, a riƙa shafa abin da ta rubuta. Ta duba faratan Ladi ba ta ga komai ba, ta duba nawa ba ta ga komai ba.

Sai ta ce, "Mama, a danginku ko na maigidanki, akwai wanda kika taɓa gani da irin wannan?"

Na ce, "Ban sani ba, likita."

Wannan ita ce ƙaryar da na fi jin nauyinta a rayuwata. Likitar ta ce a kawo uban ta duba shi. Da Ladi ta gaya masa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba zai bar aiki ya je ya bi layi a duba masa farce ba.

Ni na ɗauka bayanin likita zai kwantar da hankali, ashe shi ne zai tayar. Kalma ɗaya Yaya Kande ta ɗauka a ciki, wato gado. Ta zo da yamma ta zauna a tabarmata, ko gaisuwar Ladi ba ta amsa ba.

Ta ce, "Gado daga ina? Mu dai mun san jininmu, tun daga Haɗeja babu mai ko tabo. A je a tambayi mutanen Anguwan Rukuba. Ai an ce kakan Ladin nan ba shi da yatsu uku. Likita kunya ta ji ta faɗa, amma mai ido ya san mece ce farar fata."

Daga ranar ta sa aka ware wa Abu kwanonta da kofinta, aka ɗaura musu jan zare don kada su haɗu da na mutane. Aka raba mata shimfiɗa da ƙannenta. Maganar ta tsallake katanga, kun san gidajen Rikkos, in ka yi atishawa maƙwabci ne ke yi maka addu'a. Iyayen yara suka fara janye 'ya'yansu daga kusa da ita a Islamiyya, har ta daina zuwa da kanta. Yaya Kande kuma ta sa ɗan riƙonta a gaba, safe da yamma, wai ya rabu da matar nan tun kafin ta cika masa gida da masu irin wannan. Shi kuma ya rame, ya daina cin abincin Ladi, in ya shigo sai ya wuce ɗakinsa kai a ƙasa.

Wata huɗu ana wannan ina kallo. Kada ku ce ban san abin da nake yi ba, na sani sarai. Igiya biyu ce ta ɗaure ni: amanar gawa da kunyar ɗan fari. In na yi magana na tona wadda ta ɓoye kanta shekara sittin, na kuma ci amanar duk matan da suka miƙa mini iyayensu. Ban tambayi malami ba, domin tambayar ma faɗa ce. Sai na riƙa yi wa kaina daɗin baki, ina cewa abin zai lafa, Yaya Kande za ta gaji. A ɓoye nake jan Abu ɗakina mu ci tuwo kwano ɗaya, ina jin kamar na yi wani abin kirki. Wata rana muna cikin ci ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Iya, in na warke za a kwance zaren nan?"

Na ce mata ci abincinki. Ita kuwa Ladi ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Sau ɗaya kawai, muna shanya tare, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Iya, in daga wurina ne, wallahi ban sani ba. Na tambayi Mama, na tambayi kowa." Na ce Allah ya sauwaƙe, na shige ɗaki kamar an kore ni.

Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zauna. Yaya Kande ta aika aka kira mahaifiyar Ladi, Mama Saratu, mai sayar da tumatir da kabeji, wai ta zo ta tafi da 'yarta cikin mutunci. A lokacin ba kowa ke yarda ya tsallako unguwarmu ranar Juma'a ba, amma matar nan ta hau acaba ta zo ita kaɗai. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mai Gareji ya zauna a bakin ƙofarsa da farar takarda da biro a kan gwiwa. Ladi tana tsugunne a gefe, Abu na leƙe ta labule. Ni ina can baya kusa da randa, wurin da uwa ke zama in ana maganar ɗanta na fari. Yaya Kande ta yi bayaninta ta ƙare, sannan Mama Saratu ta gyara ɗaurin zaninta ta yi magana da irin Hausarsu.

Ta ce, "Hajiya, ni ban iya magana da yawa ba. Yarinya na, na haife shi lafiya, na ba ku shi lafiya. Baba na da kuke faɗi, ba kuturu ba ne. Dutse ne ya faɗi masa a hannu a ramin kuza, kowa ya sani. In kun gaji da shi, zan tafi da shi, ba damuwa. Amma kada ku sa mana abin da ba namu ba."

Yaya Kande ta ce, "To daga sama ya faɗo? Kai, rubuta mu tashi."

Na ga ya cire murfin biron. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ji muryata tana fita, kuma ba ta rawa.

Na ce, "Yaya, ba daga sama ya faɗo ba. Daga Inna ne."

Na faɗi abin da na gani a bayan Inna Dudu, da cinyoyinta, da faratanta. Na faɗi dalilin lallen, da dalilin gudun murhu, da dalilin da ya hana ta komawa Haɗeja. Na tuna musu da 'yan ƙulle-ƙullen da ke bayan hannun mahaifinku, waɗanda muka ce wankin kuza ne ya bar masa. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye shi: na je gaban ɗana na kama hannunsa. Na ce Ladi ta kawo sabulu da ruwan ɗumi da soso. A gaban kowa na durƙusa na wanke baƙin man garejin da ya shekara goma sha biyar yana rufe masa farata, kamar yadda lalle ya rufe na kakarsa. Da suka fito, ga layin, ga tsagar, a yatsu huɗu. Na kira Abu daga bayan labule na jera hannunta da nasa a kan takardar da zai rubuta sakin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe fuskarsa da ɗaya hannun.

Yaya Kande ta miƙe. Ba ta musa ba, wannan na lura da shi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Hansatu, uwata kika yi wa tsirara a gaban baƙi. Ke da aka ba amana." Ta ja mayafinta ta fita. Mama Saratu ta sha ruwa, ta yi mana sallama, ta koma ita kaɗai kamar yadda ta zo. Da la'asar na ɗauki wuƙa na yanke jan zaren da ke jikin kwano da kofi, na jefa su cikin kwandon wanke-wanke tare da sauran.

Ladi ta zauna a ɗakinta, tana nan har yau, ta ƙara haihuwa uku. Satin da ya biyo baya Mai Gareji ya je wurin likitar da ƙafarsa, ta tabbatar masa. Abu ta koma makaranta, mun koyi lallaɓa ciwon, in zafi ya matso yakan taso in an shiga sanyi ya kwanta. Kun ga dai yadda ta zama, da aurenta da aikinta, kuma kafin a ɗaura ita da bakinta ta gaya wa mijin komai. Cikin ƙannenta ɗaya ya samu a farce kawai, sauran babu. Ku da kuke da jinin Inna Dudu, ku duba hannuwanku da na 'ya'yanku, in kun ga wani abu ku je asibiti, kada ku nemi wanda za ku ɗora wa.

Ni kuma abin da Malama Tabawa ta gargaɗe ni a kai ya same ni. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Babu wadda ta zage ni, wasu ma har cewa suke na kyauta. Amma da aka yi rasuwa ta gaba, gida uku tsakaninmu, sai jin salati na yi an fito da makara, an je wata unguwa an ɗauko mai wanka. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Ban ga laifinsu ba. Ko ni ce, ba zan miƙa uwata ga wadda ta taɓa faɗa ba. Amma ya yi mini ciwo ƙwarai, domin aikin nan shi ne abin da nake taƙama da shi tsakanina da Ubangijina. Na wanke bokitina da butata na kife su a ƙarƙashin gado. Yaya Kande kuwa ta daina shigowa gidanmu. In mun haɗu a suna ko ta'aziyya na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Haka muka yi shekara biyar.

In kun tambaye ni ko na yi nadama, na yi, amma ba ta faɗar ba. Nadamata ita ce wata huɗun da na bar yarinya tana ci a kwano mai zare, da ƙaryar da na yi wa likita. Da na faɗa a wancan ɗakin, mutum biyu ne za su ji, da Inna Dudu ba ta shiga bakin unguwa ba. Jinkirina ne ya tona ta, ba Ladi ba, ba kuma Abu ba. Kullum ina roƙa mata gafara, ina kuma roƙon ta yafe mini ranar da za mu haɗu.

Wata safiya cikin damina, 'yar Yaya Kande ta yi sallama a ƙofata, idonta jajir. Ta ce Allah ya yi wa Goggo rasuwa bayan asuba. Na yi salati, na fara laluben mayafi don in je a zauna da ni. Sai ta ce ba shi ke nan ba.

Ta ce, "Ta bar wasiyya tun tana asibiti. Ta ce kada kowa ya taɓa ta sai ke. Ta ce kuma Ladi ce za ta zuba ruwa."

Na jawo bokitin daga ƙarƙashin gado, ya yi ƙura, Ladi ta ɗauraye shi. Muka tafi tare cikin yayyafi, muka shiga ɗakin muka rufe ƙofa. Na naɗe hannuna da ƙyalle, na nuna wa Ladi inda za ta tsaya da yadda za ta karkata butar. Hannun Yaya Kande yana cikin lalle, kamar yadda na san shi tun ina amarya. Muka yi mata wanka uku, muka sa kafur, muka naɗe ta da kyau. Da muka fito mata sun cika tsakar gida, duk ido a kanmu, ana jira a ga ko fuskata za ta faɗi wani abu. Na wanke hannuna na nemi wuri na zauna.

A hanyar komawa gida ni da Ladi ba mu ce wa juna komai ba, kuma har yau ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ku ma kada ku tambaye ni, kada ku tambaye ta. Na riga na gaya mata, in tawa ta zo, ita za ta wanke ni, Abu ta zuba ruwa.